Ranar da Na Kashe Inji

Ku samarin da kuke leƙen rumfar inji kuna cewa aikin Isufu hutu ne, a zuba hatsi ta sama a tari gari ta ƙasa, ku na yi wa wannan rubutu. Ƙungiyar matan garinmu ta ce in nemi wanda zai gaje ni, domin kunnena na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana haɗa kayansa. Mutum huɗu suka zo cikin wata guda. Kowannensu abu biyu ya tambaye ni: nawa ake samu, kuma me buhun dusa yake yi a gindin inji alhali ba mu da akuya. Ta farko ku tambayi mata, injinsu ne. Ta biyu ita zan amsa. Sai dai ku yi haƙuri, hanyarta doguwa ce, ni kuma ban daɗe da koyon riƙon alƙalami ba.

A Magarya na koyi aikin, wurin Baba Cindo, bayan tasha. Shekarata ta farko bai bar ni na taɓa hatsin kowa ba. Aikina shi ne cika gangar ruwan da ke sanyaya inji, da tace gazuwal, wato man da inji ke sha, da tsumma, da shara. In an tayar da inji sai ya ce in juya masa baya in tsaya.

"Me ka ji?"

"Na ji ƙara, Baba."

"Jaki ma ya ji ƙara. Kai me ka ji?"

Sai da na yi watanni kafin na fara rarrabewa. Kuruwa, wato robar nan mai faɗi da ke ɗauko ƙarfi daga mote mai shan gazuwal ta kai wa kan niƙa, in ta yi sako-sako tafi take yi kamar mata a gidan biki. Gazuwal mai ruwa tari yake sa inji. Ƙusar da ta kwance tana kaɗawa kamar haƙoran mai zazzaɓi. Duk waɗannan suna iya jiran ka gama kwanon da ke hannunka. Ƙara ɗaya ce ba ta jira. A cikin kan niƙa akwai faranti biyu na ƙarfe masu haƙora, ɗaya a tsaye, ɗaya yana juyawa, hatsi yana bi ta tsakaninsu. In hatsi ya ƙare aka bar su suna juyawa, sai su fara wani siririn kuka mai shiga haƙorin mutum. Baba Cindo yakan ce, "Faranti in ya rasa hatsi, ɗan'uwansa yake ci."

Ranar da na bar mazubi ya ƙare ina kallon faɗan direbobi, bai zage ni ba. Ya kwance farantan da kansa, ya ɗora mini a ka, ya ce in kai su wurin mai wasawa a ƙafa, ta tsakiyar kasuwa, duk wanda ya tambaye ni kuma in ce ni na cinye su. Mutum goma sha suka tambaye ni. Daga ranar hannuna ya daina neman shawarata. Da na ji kukan nan, ko ina tsakiyar magana, sai dai in ga hannu ya riga ya kai ga makashin inji. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Kayan aikin ba su da yawa. Kile uku na kwance ƙusa, babba da matsakaiciya da ƙarama, guduma, mazurarin gazuwal, da hannun ƙarfe da ake murɗawa a tayar da inji. Shi hannun nan kada ka naɗe babban yatsanka a kansa, don ranar da inji ya yi tutsu ya mayar maka da shi, da wuyan hannunka zai tafi. Kada ka sa babbar riga kusa da kuruwa. Kada ka ara wa kowa kile, ko limami ne.

Masu niƙa kuma kowace da halinta. Mai fura ba irin laushin mai tuwo take so ba, mai tsaki in ka matse mata faranti kun ɓata. Busasshe kafin jiƙaƙƙe, waken ƙosai a ƙarshe, barkono kuwa sai ranar da ka shirya wanke kai gaba ɗaya. Na taɓa niƙa wa wata dawar tuwon suna bayan barkono ban wanke sosai ba. Shekara ta fi goma sha biyar, amma har yau in ta hango ni a kasuwar Mallawa sai ta ɗaga murya, "Ga mai tuwon atishawa!"

Na dawo garinmu, nan tsakanin Mallawa da Dungas, a shekarar da ƙungiyar mata ta samu inji. Shugabarsu Inna Cima ce, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ƴar gajeruwa, muryarta ta fi ta tsawo. Ta aika aka kira ni. Na tarar da mata sun fi ashirin a kan tabarmi. Na durƙusa zan duba mote, sai ta ce:

"Kana da mata?"

"Ina da, Inna."

"Ka taɓa dukanta?"

"Inna, ai inji aka ce in zo in duba."

"Inji mun gan shi. Kai muke dubawa. Mun riga mun tambaye ta a bakin rijiya, so nake in ji ko bakinku ɗaya."

Bakinmu ya zo ɗaya, aka ba ni aiki. Mazan da ke zama a bencin mai shayi, gindin tsamiyar da ke fuskantar rumfa, suka sa mini suna mijin ƙungiya. In na wuce sai wani ya ce, "Ango, ya gajiya?" Nakan ce, "Gajiya tana wurin wanda matarsa ke daka da hannu." Haka muka yi shekaru, lafiya lau.

Sai shekarar da ruwa ya makara. Gero bai gama nuna ba, shanu suka sauko daga arewa tun ba a saki gonaki ba. Burtalin da suka saba bi kuma an yi ta cin gefensa da garma har ya zama kamar hanyar keke. Wa ya fara, kowa da nasa labarin, ni ban je ba. Abin da na gani shi ne hayaƙi kwana biyu ta gabas da mu. An ƙone rumbuna, an ƙone bukkoki, dabbobi sun watse, an rasa rayuka a kowane ɓangare. Jandarma suka zo suka tafi da wasu. Mutanen ƙauyuka da na rugage suka kwararo cikin gari, wasu a azuzuwan lakwal, wato makarantar boko, wasu a zaurukan dangi. Gari ya kasa zama. Mutum zai fito ƙofar gida ya tsaya, ya koma, ya sake fitowa. In jaki ya yi kuka sai ka ga kowa ya waiwaya. Maza suka daina gaisawa. Ko a masallaci kana iya gane inda sahu ya tsage.

Mata kuwa dole su zo inji, don ciki bai san an yi faɗa ba. Makon farko layi biyu suka yi, matan manoma a dama, matan makiyaya a hagu, ba mai kallon wata. Inna Cima ta zo ta tsaya ta dube su, sai ta bi kwanonin da ƙafa tana turawa har suka zama layi ɗaya.

"Inji ɗaya ne, baki ɗaya gare shi. Wadda ke son layinta daban ta je ta sayo nata."

Daga nan suka fara. Aka ajiye ƙwarya a bakin ƙofa, duk wadda ta niƙa ta zuba tafin gari ɗaya, da la'asar a kai wa mutanen lakwal. Da aka tare mata biyu a daji wurin itace, aka yi musu abin da ba zan rubuta ba, ƙungiya ce ta kai su gidan likita tun kafin labari ya zaga, ita ce kuma ta bi gida gida tana rufe bakin masu tsegumi. Suka kafa doka: ba macen da za ta sake zuwa itace ko rijiyar bayan gari ita kaɗai. Goma goma za a tafi, da usur a wuyan ta gaba, kuma a gauraye, matan ruga da matan gari. Na tambayi Inna dalilin gaurayawar. Ta ce, "Duk ɗan iskan da ya fito daga bayan kalgo, ko daga wane ɓangare yake, ya tarar da gwaggonsa a ciki."

Amma akwai faɗan da ba a daji yake ba. Maza da yawa sun dawo gida ba rumbu, ba garke, ba abin yi, sai hannu biyu. Na fara ganin mata suna zuwa da mayafi a ja har kan ido ranar da ba rana ba iska. Wata in za ta ɗaga kwano sai ta ɗaga da hannu ɗaya. A lokacin ne Inna Cima ta sa aka kafa zana a kusurwar rumfa ta baya, aka shimfiɗa tabarma. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na ɗauka wurin shan inuwa ne.

Abin da na lura da shi kawai, aikina ya fara samun aibi. Sai in niƙa wa mace gari lilis, Inna ta zo ta murza da yatsa biyu ta yamutsa fuska.

"Isufu, garin nan bai yi laushi ba. A maimaita."

"Inna, wannan ko a ido aka sa shi ba zai yi ƙaiƙayi ba."

"Malam Isufu, na ce a maimaita."

In ta sa mini Malam, to magana ta ƙare. Sai in mayar da gari cikin mazubi, ita kuma ta ja mai garin su shiga bayan zana. Gari ba kamar hatsi ba ne, ba ya daɗewa a mazubi, zuba yake yi kamar ruwa. In tara, in mayar, in tara, in mayar, ina zagaya inji kamar kaza mai neman wurin ƙwai, raina yana cewa tsohuwar nan ta fara ruɗewa. Ni da na koya wurin Baba Cindo, mai ƙuli-ƙuli za ta koya wa laushin gari?

Dije tana cikin waɗanda suka shigo gari bayan faɗan. Mijinta Haruna mutum ne mai noma da kiwo duka biyu, shi ya sa abin ya ci shi ta gefe biyu: manoma suna ganinsa makiyayi, makiyaya suna ganinsa manomi. Rumbunsa ya ƙone, shanunsa sun tafi. Wani ya ba su aron ɗaki a ƙarshen gari, su da ƴaƴa biyu. Duk inda Dije za ta, yana biye da ita. Ya ce hanya ba lafiya. Ba ya barinta shiga ayarin itace, ba ya barinta gidan suna. In ta zo niƙa sai ya rako ta ya zauna a ƙarshen bencin mai shayi, ba ya sha, ba ya magana, idonsa a ƙofar rumfa.

Ranar wata Talata ce da hantsi, ta zo da gero tiya biyu. Na niƙa. Inna ta murza ta ce a maimaita, ta ja ta bayan zana. Na maimaita sau ɗaya, sau biyu, sau uku. A na huɗu wata mai wake ta tsaya min a ka tana rantsuwa ita ta riga kowa zuwa, na juya ina ba ta haƙuri. Mazubi ya ƙare. Siririn kukan nan ya taso. Hatsin masu layi yana can bakin ƙofa, taku biyar. Makashi yana nan kusa da gwiwata. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Inji ya yi tari biyu ya mutu.

Shirun da ke biyo bayan inji ba kamar sauran shiru ba ne, kunne buɗewa yake yi gaba ɗaya. A cikinsa muryar Dije ta fito, da ƙarfin wadda ke magana a kan ƙarar inji:

"Da igiyar shanun, Inna! Shanun babu, amma igiyar tana nan! Ya ce ranar da na faɗa wa wani, ranar zai ƙarasa ni!"

Zana ba bango ba ce. Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Matan layi suka sunkuyar da kai. A nan ne na gane abin da na yi wata biyu ina niƙawa.

Haruna ya miƙe. Bai yi sauri ba. Ya zo bakin ƙofa ya ce, "Dije. Fito mu tafi."

Inna Cima ta fito daga bayan zana. Ta yi mini kallo ɗaya, wanda har yau ban gama biyansa ba, sannan ta tsaya a ƙofa.

"Malam Haruna, garinta bai gama ba."

"A bar garin."

"Ba a barin gari a inji, ɗan nan."

"Inna, ki matsa. Matata ce."

Kanta bai kai kafaɗarsa ba. Ta gefen zana kuma na hango Dije tana gyara mayafi za ta fito, don ta san duk jinkirin da aka ƙara a bayanta zai sauka. In ta bi shi zuwa ɗakin nan na ƙarshen gari, ba maƙwabci kusa, ba wanda zai ji.

Na ɗauki babbar kile. Na ce, "Malam Haruna, don Allah taimaka mini. Inji ya cije, garinku yana ciki. In ya huce a haka sai an fasa kan. Ni kaɗai ba zan iya kwance shi ba, yana son mai ƙarfi."

Ƙarya ce. Inji lafiyarsa ƙalau, garin kuma yana cikin kwano a bayan ƙafata, na tura shi ƙarƙashin buhu.

Ya ce, "Ina ruwana da injinku?"

"Inji namu ne, gari naka ne. Tiya biyu ce. Ka fi ni sanin ko akwai wata a gida."

Ya waiwaya gindin tsamiya. Maza bakwai, kowanne ya ga wani abin kallo a cikin kofin shayinsa. Mutumin da gari ya ji asirinsa yana bukatar inda zai ajiye idonsa. Na nuna masa babbar ƙafar mote, ƙarfen nan mai kama da taya da ke juyawa, na ce, "Riƙe nan da hannu biyu. Kada ka saki, in ta juya yatsuna ne." Gefen da na tsayar da shi, zana tana bayansa.

Ban taɓa yin aiki a hankali kamar na ranar ba, kuma ban taɓa jin jikina yana son gudu kamar ranar ba. Ƙusar da ke fita da murɗa biyar sai na yi mata ashirin. In cire, in wanke da gazuwal, in goge, in ɗaga ta sama in duba kamar likita. Na cire kuruwa ba dalili. Na kwance mazubi. Gumi yana zuba a idona.

A bayansa Inna Cima ta tayar da rigimar layi. Ta ce mai wake ta yi mata rashin kunya, mai wake ta ce ita ba a haife ta don a taka ta ba, sauran suka shiga, kowa da bakinta. Inji ya mutu, su suka zama inji. Ta saman kafaɗar Haruna na ga an yanke igiyar zana ta baya. Mata bakwai suka fita ɗaya bayan ɗaya da kwanoni a ka. Ta huɗu tana sanye da mayafin da ba nata ba.

Can Haruna ya ce, ƙasa ƙasa, "Kai ma ka ji?"

"Ni rabin kurma ne, amma na ji."

Sannan ya fara ba ni labarin shanu, ba tare da na tambaya ba. Akwai wata mai farin goshi da ya gada wurin uwarsa, in ya yi tari daga nesa takan ɗago kai. Ya ce ya bi sawunta kwana huɗu har ƙetaren iyaka. Ina saurare ina murɗa kile. Da na zo kan faranti na miƙa masa babbar kilen ya riƙe mini, na zaro su na nuna masa haƙoran.

"Ka ga waɗannan? In suka rasa hatsi junansu suke ci. Amma su ƙarfe ne, Malam Haruna. Ba za a tambaye su ba gobe ƙiyama."

Ya leƙa cikin kan niƙa. Garin da ke ciki bai cika tafi ɗaya ba.

"Ina garin?"

"Ga shi nan ƙarƙashin buhu. Tun ɗazu ya fita."

Ya juya. Zana a buɗe, rana tana shigowa ta inda aka yanke. Ya juyo gare ni. Ina zaune a ƙasa, ƙafafuna a ƙarƙashin inji, babbar kile tana hannunsa. Ku da kuke cewa aikin nan hutu ne, na so a ce ɗayanku ne a wurin. Ban san tsawon lokacin ba. Can ya ajiye kilen a kan gangar ruwa, a hankali, kamar ƙwai. Sai muka ji sallamar mai gari da liman a ƙofa. Tun farkon rigimar layi Inna ta tura a kira su.

Ungozomar gidan likita ta duba bayan Dije ta rubuta abin da ta gani a takarda. Daga can gidan Inna Cima aka wuce da ita, aka ɗauko yaran. Bayan kwana uku yayan Dije ya iso daga Waca a motar kasuwa, aka zauna a zauren mai gari. Ni ma an kira ni, wai ni shaida ne. Mata ba sa zama a zauren nan, amma Inna da wasu biyu suka shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, rabin jikinsu a ciki. Dattawa suka yi wa Haruna faɗa sosai, ya sunkuyar da kai. Sannan aka zo inda aka saba zuwa: shekarar ce ta zo da haka, a yi haƙuri, ta koma ɗakinta.

Inna ta ɗaga takardar. "Ranka ya daɗe, haƙuri ta yi shi, ga shaidarsa nan a rubuce. In kun mayar da ita aka sake, wannan takarda Dungas za ta, wurin jandarma, tare da sunan duk wanda ya ce ta koma. Ni ban iya rubutu ba, amma yanzu muna da masu iyawa."

Liman ya yi gyaran murya ya ce to a tambayi mai abin. Ban taɓa ganin an yi haka a zauren nan ba. Dije ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, ba za ta koma ɗakin da igiyar nan take ba, kuma ko an ƙone igiyar ba za ta koma yanzu ba. Ta zauna gidan Inna har damina ta zagayo tana taya ta suyar ƙuli-ƙuli. Bayan kaka ta nemi takardar saki, aka ba ta. Haruna ya tafi ci-rani kudu, ya dawo, yana noma. Muna gaisawa. Ƙanwarsa ce ke kawo masa niƙa.

Ni da Inna kuwa tun ranar Talatar muka yi tamu, da la'asar, ina tsakiyar mayar da inji.

"Wa ya ce ka kashe?"

"Wa ya ce kada in kashe?"

"Maganar mata ce! Ta yaya za mu gaya wa namiji?"

"To ai namijin ne ke zaune kusa da makashi, Inna."

Ta buɗe baki ta rufe. Shi ne karo ɗaya tak da na ga haka. Ni ma ba ni da bakin magana, don wata biyu ina ganin mata suna shiga bayan zana da mayafi a ido suna fitowa da jan ido, ban taɓa tambayar kaina komai ba sai laushin gari. Na ɗauki farantan na duba su a hasken ƙofa. Ko ƙwarzane babu. Na ceci ƙarfe biyu da ake samu a kowace kasuwa.

Washegari na sayo buhun dusa na ajiye a gindin inji, daidai inda hannuna ke bi in zai je ga makashi. In aka ba ni alama, sai in sassauta faranti, in riƙa zuba dusa kaɗan kaɗan, in tara in mayar. Faranti yana da abin ci, inji ba ya mutuwa, ko za a kai azahar. Sai da na yi kusan shekara kafin hannun ya yarda. Har yanzu wani lokaci yakan zabura, sai ya ci karo da buhu.

Inna ma ta yi nata gyaran. Tunda gari duk ya san abin da zana take yi, sai ta mayar da rariyoyin tankaɗe can, ta ce daga yau kowace mace a bayan zana za ta tankaɗe garinta. Kowa tana shiga, kowa tana daɗewa, ba mai iya cewa wace ce ta yi tankaɗe, wace ce ta yi magana. An sa ginin ƙasa a madadin zana ta gefen titi, an bar ƙofa ta baya. Shi ya sa ban ji tsoron rubuta wannan ba, Dije kuma ta ce in rubuta. Alamar ma an canja ta, ba "a maimaita" ba ce yanzu. Mazan gindin tsamiya sun daina ce mini ango. In inji ya daɗe yana kuka alhali ba layi a ƙofa, hirarsu takan yi sanyi, ka ga kowa yana gyara zama.

Gwiwoyin Inna Cima sun gaji, yanzu Dije ce ke zama a bayan zana. Da na gaya musu kunnena yana tafiya, Inna ta ce, "Mu da kurmancinka muka fi son ka." Amma kurma ba ya jin kukan faranti, kuma ranar da na kasa jin sa ban san lokacin zuba dusa ba. Shi ya sa nake gaggawa.

Wanda yake son aikin ya zo da hantsi, ba da babbar riga ba. Zan tayar da inji ya juya masa baya, in tambaye shi abin da ya ji. Kile da kuruwa zan koya masa a wata shida. Sabuwar alamar kuwa ba ni zan gaya masa ba, sai mata sun tambayi matarsa a bakin rijiya, in ba shi da mata su tambayi ƙannensa. Buhun da kuke tambaya shi ne na uku da na saya. Dusar da ke ciki an niƙa ta ya fi a ƙirga, babu gari mai laushinta a duk ƙasar Dungas, kuma ba wanda zai ci ta. Kada wanda ya zauna a kai.